Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Wurno, Rabah da Goronyo a Bakin 'Ya'yansu

Gabatarwa

Duk inda 'yan ƙasar Wurno ko Rabah ko Goronyo suka haɗu a birni, ko wurin ɗaurin aure ne a Kaduna, ko zaman ta'aziyya a Abuja, ko taron ƙungiya a Legas, da wuya a watse ba a koma gida da baki ba. Da zarar an gaisa an tambayi iyali, sai ka ji wani ya dubi ɗan ajinsu ya ce, "Ka tuna shekarar da gulbi ya hana mu zuwa makaranta?" Daga nan sai hira ta ɓalle. Wannan ya tuno malamin lissafi mai bulala, wancan ya tuno kukar da ake cin kasuwa a gindinta, wani kuma ya gyara musu sunan mai fiton da ke ƙetarar da su. Kafin a ankara dare ya yi nisa, kowa ya kama hanyar gidansa, hirar kuwa ta bi iska.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne jawo hankalin 'yan'uwa mazauna birane cewa wannan hira da muke ɗauka abin ɗebe kewa ce kawai, ita ce rumbun da ya rage na wani babban sashe na tarihin garuruwanmu. Rumbun nan kuwa gara ta fara shigarsa, domin masu riƙe da labarin suna ƙarewa, wasu daga cikin wuraren da ake ba da labarinsu kuma sun zama kufai.

Abin da Alƙalami Ya Riga Ya Adana

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a littattafan tarihi. Bayan rasuwar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, ya kuma fuskanci barazana daga arewa maso gabas, inda Gobirawan da ba su miƙa wuya ba da abokan ƙawancensu ke kawo hari ta kwarin Rima. Maganin da Bello ya yi wa wannan matsala shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa ke noma da sana'a da karatu, suna kuma tsare hanya. A kan wannan tsari aka kafa Wurno wajen ƙarshen shekarun 1820, bisa tudun da ke kallon fadamar Rima, haka kuma aka kafa irin su Gandi da Shinaka. Bello ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan waɗannan garuruwa, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su ilmantar da 'ya'yansu. A 1836 ya yi nasara a yaƙin Gawakuke, shekara guda bayan haka, a 1837, Allah ya yi masa rasuwa a Wurno, inda hubbarensa yake ana ziyarta har yau.

Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya yi zamansa, wasu daga cikin magadansa ma suka bi sahu. Rabah, wadda ke bakin gulbin Sakkwato, ita ce garin Abubakar Atiku na Rabah ɗan Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, shi ne kuma kakan Sardauna Ahmadu Bello. Saboda fada tana Wurno, baƙi daga nesa nan suke sauka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya yi makonni a garin a 1853, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da fadama da zaman ɗar-ɗar saboda hare-haren Gobirawa. Har ya ambaci wata gonar rake a kwarin Bamurna, tsakanin Wurno da Sakkwato, ta wani mutum da ya yi shekaru cikin bauta a ƙasar Barazil kafin ya dawo gida. A 1885 Joseph Thomson ya iso Wurno yana neman yarjejeniyar ciniki wurin Sarkin Musulmi Umaru a madadin wani kamfanin Ingila. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, fada ta tabbata a Sakkwato, Wurno ta koma mazaunin hakimi mai sarautar Sarkin Sudan, sarautar da marigayi Alhaji Shehu Malami ya riƙe shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2022.

Ko duwatsunmu ma an yi rubutu a kansu. A 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar teku ta zamanin da suna Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwanta da suka zama dutse, shaidar cewa teku ya taɓa rufe yankin fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce. Injiniyoyi kuma sun adana lissafin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 aka buɗe ta a 1992, mai tsawon kilomita 12 da rabi, mai ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900.

To, amma idan ɗalibi ya tattara duk waɗannan rubuce-rubuce, zai san sarakuna da baƙi da duwatsu da madatsa, sai dai ba zai san yadda talakan Wurno ya rayu a 1950 ba, ko me ake koya wa yara a elementaren Rabah, ko wace shinkafa manomin Goronyo ke shukawa kafin a datse gulbi. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin nan uku suna da mutum kusan rabin miliyan. Labarin iyayen waɗannan mutane da kakanninsu, mafi yawansa, a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake.

Gadon Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u

Rubuta tunanin maƙwabta ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, domin magabatanmu sun riga mu. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u 'yar Shehu sun yi zama a Wurno tare da Bello. Bayan rasuwarsa, suka lura cewa mutanen da suka ga Shehu da idonsu, suka yi hijira da shi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, suna ta raguwa, matasan da ke tasowa kuma a daula suka buɗe ido, ba su san wahalar da aka sha ba. Saboda haka suka duƙufa ga rubutu. A littafinsa Raudul Jinan, Waziri Giɗaɗo bai tsaya ga karamomin Shehu kaɗai ba, sai da ya jero sunayen almajiransa da mataimakansa da maƙwabtansa. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zuba tarihin jama'ar cikin waƙoƙi na Fulfulde da Hausa da Larabci, jajojinta na 'Yan Taru suka haddace suka kai wa matan ƙauyuka. Abin lura shi ne, babban waziri bai ga cewa sunan maƙwabci ya yi ƙanƙanta a rubuta shi ba, shi ya sa har yau ake sanin waɗanda suka zauna kusa da Shehu a Ɗegel.

Tattaɓa-kunnensu, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ɗore a kan wannan hanya, ya tara littattafai da wasiƙun magabata, ya rubuta Tarihin Fulani. A ɗakin karatunsa ne Murray Last ya yi binciken da ya zama littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato. Shi ma Sardauna, wanda aka haifa a Rabah, ya yi makarantar Sakkwato da kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa a 1962 yana Firimiyan Jihar Arewa, da ƙuruciyarsa a Rabah ya fara, da gulbinta da gidan mahaifinsa da makarantar allo. Waɗannan shafuka suna daga cikin 'yan kaɗan da ke nuna mana yadda garin yake a farkon zamanin Turawa. Sa'o'insa da ya yi wasan ƙasa da su sun tafi da nasu labarin.

Hirar 'Yan Aji

Ajin makaranta ƙaramin hoton gari ne. A benci ɗaya ɗan hakimi da ɗan maƙeri da ɗan Bafulatanin ruga ke zama, don haka idan 'yan aji goma suka haɗu bayan shekara arba'in, gidaje goma ne da unguwanni goma suka haɗu. Dattijan da suka shiga elementare a shekarun 1950 suna tuna lokacin da ake raba wa dagatai adadin yaran da za su kawo, iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su wurin dangi a wani ƙauye, don gudun boko. Suna tuna Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce, da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na manya, da yadda ake taruwa a ƙofar fada a karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sun san wa ya ci jarrabawa ya wuce Sakkwato, wa ya koma gona, da dalilin kowanensu. Amsar tambayar da ake yawan yi, wato me ya sa yankinmu ya makara a ilmin zamani, tana cikin irin waɗannan labarai fiye da yadda take cikin rahoton ma'aikata.

Sai kuma 'yan UPE, shirin ilmin firamare kyauta da aka fara a 1976, waɗanda suka cika azuzuwa har wasu suka yi karatu a ƙarƙashin bishiya, a hannun malaman da aka horar cikin gaggawa. A ƙauyuka da yawa su ne na farko a gidajensu da suka riƙe fensir. Yau sun haura shekara hamsin, su ne kuma galibin masu karanta wannan mujalla. Ba za a manta da abokan makarantar allo ba, waɗanda suka yi karatun dare a gefen wuta, suka yi sauka tare. Su ne suka san silsilar malaman kowace unguwa, wa ya karanta wurin wa, da zauren da ake ɗaukar Ishiriniya ko Risala. A garin da aka kafa a kan karatu, wannan silsila ginshiƙi ce ta tarihinsa.

Hirar Maƙwabta

Abin da ɗan aji bai sani ba, maƙwabci ya sani. Kafin madatsar Bakolori ta 1978 a kan gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan Rima, gulbi ne ke tsara shekara. Yakan cika da damina ya malale fadama ya bar laka mai albarka, a noma shinkafar gargajiya mai jure zurfin ruwa, in ruwa ya janye a yi su a tafkuna, da rani kuma a kafa jigo a ba albasa da tafarnuwa da alkama ruwa. Bincike ya tabbatar da cewa bayan Bakolori ambaliyar da ke ciyar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Daga baya injin ban ruwa ya kori jigo, sabbin iri suka kori tsofaffi. Babu mai musun amfanin noman rani na zamani a Wurno da Goronyo, sai dai sunayen tsofaffin irin shinkafa, da sunayen tafkuna da mashigai, da gonaki da matsugunan da ruwan madatsa ya shafe, a bakin tsofaffin manoma da masunta kawai za a same su.

Haka zancen cin rani yake. Wani bincike da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙirga fiye da mutum 250,000 da suka fita daga Lardin Sakkwato neman kuɗi, wasu zuwa ƙasar Yarbawa, wasu har ƙasar da ake kira Gana a yau. Kusan kowace unguwa tana da labarin wanda ya tafi da ƙafa ya dawo da keke ko akwatin aure, da na wanda ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mu mazauna birane magadan waɗannan bayin Allah ne, bambancin kawai su da hadari ya haɗu sukan ɗaure kaya su koma gida.

Tarihin mata kuwa ya fi kowane shiga haɗari, domin ba su cika zuwa taron ƙungiya ba, ba a kuma cika tambayarsu ba. Alhali su suka san auratayya tsakanin gidaje, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, da abin da aka ci a shekarar yunwa, da waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa, da tatsuniyoyi cikin Sakkwatanci tsantsa, harshen da ake cewa mi da tahiya da hwadama, wanda 'ya'yanmu na birni ke yi wa dariya idan sun ji. Marigayi Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, ya tsira daga mantuwa ne saboda an naɗi muryarsa a faifai, gidajen rediyo suna sakawa. Makaɗan noma da na fawa da zabiyoyin da na'ura ba ta riske su ba, ko sunayensu sai an yi da gaske ake tunawa.

Dalilin Gaggawa

Mutuwa kullum tana ɗauka, wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne wuraren da kansu suna ɓacewa. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ambaliya ta raba fiye da mutum 100,000 da gidajensu a jihar, ta karya gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta rushe gidajen ƙasa tare da abin da ke cikinsu na littattafai da hotuna da takardun gado. Shekara takwas bayan haka, a 2018, ruwan madatsar ya ƙafe har ya koma kimanin kashi goma cikin ɗari na abin da take ɗauka.

Sai kuma musibar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, aka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi, garin da aka kafa tun zamanin Bello domin tsaron iyaka. A ƙarshen 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe wasu makarantun kwana na yankunan da ke cikin haɗari, har da na gabashin Sakkwato. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu da rahama. Idan ƙauye ya watse, maƙwabtan shekara hamsin sukan rarrabu, wannan a Sakkwato, wancan a ƙasar Nijar, ba sauran mai gyara wa wani zance. Iyakar gona da makiyaya da burtali, waɗanda dattawa ke riƙe da su a ka, su ma sukan shiga ruɗani, kuma ranar da zaman lafiya ya dawo aka koma gida za a nemi masu wannan sani. Ke nan adana tunanin maƙwabta ya wuce sha'awar tarihi, ya shafi haƙƙin mutane da sulhun gobe.

Ga kuma 'ya'yanmu da aka haifa a birni, waɗanda da yawansu ba su taɓa kwana bakwai a jere a garin iyayensu ba, yanzu kuma tsoron hanya ya ƙara rage zuwa gida ko da salla. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron da bai san komai game da garinsu ba sai labarin hari, da wuya ya girma ya sa dukiyarsa ko ilminsa a cikinsa.

Yadda Hira Ke Zama Tarihi

Ba kowace hira ce tarihi ba, sai an tace ta. Abu na farko shi ne shekara. Tsofaffinmu da manyan al'amura suke lissafi, saboda haka mai tambaya ya riƙe waɗannan turaku: rasuwar Sarkin Musulmi Hassan da naɗin Abubakar na Uku a 1938, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, kisan Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, shigowar naira a 1973, farin 1973 da na 1984, da bushiyar da ta kashe shanu a 1983. Yunwa ma tana da sunaye. A wurare da dama na ƙasar Hausa ana kiran ta 1914 Kakalaba, ta 1942 kuma 'Yar Gusau, amma kowane yanki yana da nasa laƙabin, ya kamata a tambaya a rubuta namu.

Na biyu, kada a dogara ga baki ɗaya. Amfanin haɗa 'yan aji ko maƙwabta wuri guda shi ne wani ya gyara wa wani, inda suka saɓa kuma a rubuta duka ƙaulin biyu, kamar yadda malamanmu ke yi a littattafansu. Na uku, a guji mayar da jiya aljanna. Begen gida yakan sa a tuna daɗin fura da wasan langa a farin wata, a manta da haraji da jangali da aikin tilas, da ƙyanda da agana da suka cinye yara, da kurkunun da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, wanda sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Tarihin da ya ɓoye wahala ba ya koya wa na baya komai. Na huɗu, a nemi izinin mai magana, a kuma yi hattara da zancen asali da rigimar sarauta da ta gona, domin an zo gyara zumunci ne, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kammalawa

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba, don kuwa na'urar ɗaukar murya tana aljihun kowa. Kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya wakilta mutum biyu su rubuta sunayen 'yan ajinsu da malamansu, na raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, tare da tara tsofaffin hotuna. Duk wanda Allah ya ba ikon zuwa gida ya keɓe sa'a ɗaya ya zauna gaban dattijo ko dattijuwa mafi tsufa a unguwarsu, ya bar su su yi magana da harshensu ba tare da gyara ba. A zana taswirar kowace unguwa gida-gida kamar yadda take a da, a fara da ƙauyukan da suka watse, tun mutanensu suna iya tunawa. Abin da aka tara a ajiye kwafinsa a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Arewa House da ke Kaduna, wannan mujalla kuma ta ware wasu shafuka kowace shekara domin buga zaɓaɓɓu daga ciki.

Ƙungiyoyi irin tamu sun saba auna ci gaba da rijiyar burtsatse da ajin makaranta da ɗakin shan magani, kuma duka suna kan hanya. Sai dai rijiyar da ba a haƙa bana ba za a iya haƙa ta baɗi, dattijon da ba a tambaya bana ba kuwa, babu mai tabbacin samunsa baɗi. Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u sun gane haka kusan shekara 200 da suka wuce, suka ɗauki alƙalami tun shaidu suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo mana da zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, ya kuma ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.